Babban babur a taɓon damina: me ke kayar da mutum, kuma yaya ake bi da shi?

Tambaya: Na sayi Honda Africa Twin CRF1000L na hannu. A kan kwalta lafiya lau yake, amma tunda ruwa ya sauka, da zarar na gangara hanyar ƙauyenmu mai taɓo sai gaban ya zame ko bayan ya juya da ni, ga 'yan acaɓa da Boxer suna wuce ni da buhuna a baya. Laifin babur ne ko nawa? Me zan gyara, kuma yaya ake tuƙa irin wannan babur a laka?

Amsa: Malam, abin da ka gani haka yake, kuma ba wai 'yan acaɓan nan sun fi ka ƙarfin hali ba ne. Babur ɗinka da mai cike a tanki ya kai kusan kilo 232, in mai giyar DCT ne ma, wato mai canza giya da kansa, ka ƙara kilo 10 a kai. Boxer kuwa bai wuce kilo 125 ba. Tayarsa ta baya siririya ce, faɗinta bai wuce santimita 10 ba, sai ta yanka lakar ta sauka kan ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashi, alhali taka mai faɗin santimita 15 tana yawo ne a saman santsin. Ga kuma ƙarfin inji: naka ya haura doki 90, nasa wajen 12, saboda haka ɗan murɗa totur da ba ya yi wa Boxer komai, kai ya isa ya sa tayarka ta baya ta ƙwace. Idan babur ɗin ɗan acaɓa ya karkata, ƙafa ɗaya ta ishe shi ya tare. Naka idan ya wuce wani mizani na karkata, babu ƙafar da za ta tare shi a kan santsi. Don haka babban babur ba a kokawa da shi a taɓo. Yawancin aikin ana gama shi ne tun kafin taya ta taɓa laka, sauran kuma hannu mai sanyi ne.

Mu fara da taya, domin ita ce fiye da rabin maganar. Tayar da irin waɗannan babura ke fitowa da ita daga kamfani ta kwalta ce da aka ɗan yi mata zane mai zurfi. A burji busasshe tana yin aiki, amma a laka zanen nan yakan cike cikin juyi biyu ko uku, tayar ta koma sumul. Daga nan duk dabarar tuƙin da za a koya maka ba za ta yi amfani ba. Abin da kake buƙata shi ne taya mai haƙora manya da tazara mai faɗi a tsakaninsu, domin tazarar ce ke ba laka hanyar fita idan tayar tana juyawa. Continental TKC80, Michelin Anakee Wild, Mitas E-09 da Motoz Tractionator duk suna cikin wannan aji, kuma ana samun su a girman da babur ɗinka ke ɗauka, wato 90/90-21 a gaba da 150/70-18 a baya. Ka yi hattara da tayoyin da ake tallatawa da cewa rabi kwalta ne rabi daji, musamman masu doguwar ɗamara ta roba a tsakiya wadda ba ta yanke ba. Suna daɗewa a tafiya mai nisa, amma ɗamarar nan ita ce ke taka laka, kuma ba ta da abin da za ta kama da shi. Idan kuɗinka na taya ɗaya ne, sa mai haƙoran a gaba. Zamewar baya ana iya gyara ta da totur da jiki, ta gaba kuwa kafin ka ankara kana ƙasa. Sai dai ka sani taya mai haƙora tana da nata farashin: ta baya tana cinyewa da wuri a kwalta, tana ƙara, kuma a kwalta mai jiƙa ba ta kama birki kamar wadda ka saba da ita. Duba gefenta ka ga iyakar gudun da aka rubuta mata, da yawansu harafin Q ne, ma'ana kilomita 160 a awa.

Sai iska. A kwalta manyan baburan nan suna tafiya da psi (ma'aunin iskar taya) 29 zuwa 36 a gaba, 36 zuwa 42 a baya, gwargwadon samfuri da kaya. Da wannan iskar tayar tana da tauri, ɗan wuri kaɗan take takawa. Idan za ka shiga taɓo, sauke ta zuwa wajen psi 22 zuwa 24 a gaba, 24 zuwa 26 a baya. Kada ka kwaikwayi masu ƙananan baburan tsere da ke sauka har psi 12, su nauyin babur ɗinsu rabin naka ne, kuma suna da ƙarfen da ke danne taya a jikin rim. Kai naka mai tiyub ne kuma babu wannan ƙarfen. Idan iska ta yi ƙasa da psi 20, abu biyu ke jiranka: dutsen da ke ɓoye cikin laka ya matse tiyub tsakanin taya da rim ya huda shi wuri biyu, ko kuma tayar baya ta juya a kan rim ta ja tiyub har bakin bawul ya tsinke, wanda shi ba ya faci. Ka sayi geji naka na kanka da ƙaramin famfo mai aiki da batir, don gwajin yatsa ko buga taya da ƙafa ba ya bambance 24 da 34.

Akwai abin da ke kayar da mutane da yawa ba su san shi ne ba, wato madigad na gaba. A Africa Twin, kamar a BMW GS, madigad ɗin yana zaune dab da taya. A laka mai danƙo, tayar tana ɗebo ƙasa tana cusawa a wannan ɗan sararin, har ta cika shi ta daskare. Sai ka ji babur yana nauyi, kan yana ƙin juyawa, can sai tayar gaba ta tsaya cak alhali ta baya tana turawa, ka faɗi ba tare da ka taɓa birki ba. Da taya mai haƙora sararin ma ƙara raguwa yake yi. Maganinsa a ɗaga madigad ɗin da 'yan ƙarafa masu tsawon santimita 2 zuwa 3 da noti mai tsayi, ko a sa irin na sama wanda ake ɗaurewa ƙarƙashin fitila. Idan an ɗaga, a tabbatar bai bugi lagireto ko ƙasan kan babur ba lokacin da shokazoba ta nutse iyakarta, kuma tiyon birki bai maƙale ba. In lakar ta riga ta kama ka a hanya, ka kwance shi gaba ɗaya ka ɗaure a baya, amma ka ɗaure tiyon birkin a jikin shokazoba don kada haƙoran taya su fizge shi. Ka riƙa tafiya da ɗan guntun ƙarfe ko sanda mai ƙwari na ƙwaƙule laka, za ka yi amfani da shi fiye da kowane sifana.

Game da na'urorin babur ɗin, guda biyu ne suka shafe ka. Ta farko ita ce mai hana tayar baya juyawa a banza, wadda Honda ke kira HSTC. A kwalta alheri ce, amma a taɓo idan tana matakinta mafi tsanani, da zarar taya ta ɗan sulɓe sai ta yanke wuta, babur ya riƙa tari yana rasa gudu daidai lokacin da kake buƙatar ya ci gaba. Taya sai ta ɗan juya fiye da tafiyar babur kafin ta watsar da lakar da ke haƙoranta. Saukar da HSTC ɗin mataki na 1, wato mafi sassauci. Idan hawa ne mai santsi ko ka riga ka kafe, kashe ta ɗungurungum. Ta biyu ABS, mai hana taya kullewa idan an taka birki: a wannan samfurin na baya kawai ake iya kashewa, na gaba yana nan, kuma hakan ya yi daidai da wanda bai goge ba. Kashe na bayan kana tsaye kafin ka shiga. Ka riƙe a ranka cewa idan ka kashe makulli ka sake kunnawa, saitin nan yakan koma yadda yake tun farko, wato bayan kowace faɗuwa sai ka sake dubawa. Mai DCT kuma ya koma zaɓin canza giya da hannu, don kada babur ya canza masa giya a tsakiyar santsi, ya kuma danna maɓallin G, wanda aka yi don hanyar da ba kwalta ba.

Kaya kuma a rage. Litar fetur ɗaya kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, tankinka mai lita 18.8 idan ya cika ya kai kilo 14 a can sama, saboda haka in tafiyar gajera ce rabin tanki ya wadatar. Akwatin baya na sama shi ya fi kowane ɓata daidaito, a cire shi. Akwatunan gefe na ƙarfe kuwa ina ƙin su a taɓo ƙwarai, domin mutum yana sauke ƙafa yana dogarawa, ƙafar ta maƙale a laka, babur ya ci gaba, kusurwar akwatin ta daki bayan ƙwauri. Karayar ƙafa da yawa a irin wannan tuƙi daga nan take fitowa. Jakunkuna masu laushi sun fi, a ɗaure su ƙasa kuma kusa da tsakiyar babur. Cire robar da ke kan matakan ƙafa don haƙoran ƙarfen su fito, in ba haka ba takalmi mai laka ba zai zauna ba. Takalmi dogo mai tauri wanda ya rufe ƙwauri, hular kwano, safar hannu da abin kare gwiwa ba kwalliya ba ne a nan, saboda faɗuwa a taɓo tabbas ce ko ga ƙwararre. Goyo kuma ya sauka ya taka da ƙafa a duk wuri mai wuya.

To, taɓon kansa ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya iya karanta shi ya rage wa kansa wahala. Jar ƙasar burji bayan yayyafi ko ruwan da bai daɗe ba, samanta kawai ke jiƙa, ƙasanta da tauri. Ba ta nutsar da babur amma santsinta kamar an shafa sabulu, kuma ita ce ta fi yaudara don ido yana ganin hanya lafiya. Taɓon da ke da yashi a ciki, irin na bakin rafi, yana da sauƙi, ba ya manne wa taya, ruwa ma ƙara masa ƙarfi yake yi. Caɓi mai ruwa-ruwa da motoci suka dama yana da ban tsoro a ido, amma sau da yawa ƙasansa da tauri kuma ruwan yana wanke taya. Mugun shi ne baƙar laka ta fadama, irin wadda ake samu a yankin tafkin Chadi da kwarin Binuwai wajen Numan, wadda ke tsattsagewa da rani. Ita idan ta fara shan iska bayan ruwa, ta yi danƙo, tana naɗewa a taya tana ƙara kauri har ƙafafun biyu su daina juyawa. A irin wannan babu taya ko dabarar da ke cetar babur mai kilo 230. Shawarar gaskiya ita ce a jira rana ta buga ta na wasu awanni, ko a nemi wata hanyar. Gwajin mai sauƙi ne: sauka ka taka da ƙafa taku goma. Idan takalminka ya yi nauyi ya ƙara tsawo, tayarka ma haka za ta yi.

Duk wurin da ba ka ga ƙarshensa ba, ka kafe babur a tudu ka je ka duba da ƙafa da sanda. Ka tambayi mutanen wurin ta ina ake bi yau, don hanyar damina tana canzawa daga ruwa zuwa ruwa. Sawun Boxer jagora ne mai kyau, amma ka tuna inda ya ɗauki kilo 120 ba lallai ya ɗauki ninkinsa ba. Kuma don Allah kada a kauce wa taɓo a faɗa gonar mutane, taya mai haƙora tana tumɓuke shuka kunya guda cikin daƙiƙa.

Yanzu tuƙin. Shiga da giya ta biyu, da gudu kaɗan, wajen kilomita 10 zuwa 20 a awa, inji yana ƙasa-ƙasa. Giya ta ɗaya tana da zafin kai: ka ɗan murɗa taya ta ƙwace, ka ɗan saki inji ya ja birki. Wannan na biyun mutane ba su cika lura da shi ba. Inji mai silinda biyu na cc 1000 idan aka sake masa totur farat ɗaya, riƙewar da yake yi ta isa ta sa tayar baya ta ja a kan santsi, nauyi kuma ya koma kan tayar gaba ta nutse ta karkace. Saboda haka totur ya zauna wuri ɗaya, ɗan kaɗan amma bai yanke ba. Gyaran gudu da kuloci ake yi, yatsu biyu a kansa koyaushe: bayan ya fara juyawa gefe, ka ɗan ja kuloci kaɗan ba tare da ka saki totur ba, tayar ta dawo layi, ka sake shi a hankali. Amma ɗan ja da saki daban, tafiya da rabin kuloci na minti biyar daban. Na biyun yana ƙona faifan kuloci, musamman idan laka ta riga ta riƙe taya kai kuma kana ƙara wuta. Alamarsa inji yana ihu babur ba ya gaba, hannun kuloci ya canza wasa, wani lokaci har da ƙauri. Da ka ji haka ka kashe inji, ka ƙwaƙule lakar da ke tsakanin tayar baya da ƙarfen da ke riƙe da ita, ka bar shi ya huce minti 15. Masu tsohon BMW R1200GS na kafin 2013 su fi kowa kiyayewa, kulocinsu busasshe ne irin na mota, yana saurin ƙonewa, kuma canza shi sai an raba babur biyu.

Batun tsayuwa ko zama, ana yawan cewa a daji dole a tsaya kan matakai. A taɓo mara zurfi wanda babur ke tafiya da ɗan gudu, haka ne: ka tsaya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna riƙe da babur sako-sako, ƙugu ya ɗan koma baya don gaban ya yi sauƙi, ka bar babur ya yi ta rawarsa a ƙarƙashinka kana gyara shi da danna mataki na dama ko na hagu. Amma a wuri mai tsananin santsi ko rami mai zurfi inda gudun ya koma na tafiyar ƙafa, zama ka sauke ƙafafu biyu kana dogarawa ba abin kunya ba ne, shi ne daidai. Sharaɗin kawai ka riƙa jefa ƙafar gaba, kusa da inji, kana ɗagawa da wuri, kada ka bar ta a baya tana ja. Abin da ba ya canzawa a tsaye ko a zaune shi ne hannu da ido. Kada ka ƙanƙame kan babur. Tayar gaba za ta riƙa lilo hagu da dama tana neman hanya, in ka bar ta za ta dawo da kanta, in ka sandare hannu kana mayar da ita da ƙarfi sai gyaran ya wuce kima. Ido kuma ya tafi can inda kake son fita, mita 10 ko 15 a gaba. Wanda ya kafa wa ramin da ke gaban tayarsa ido, cikinsa zai faɗa.

Babur ya kasance a miƙe gwargwadon iko. A kwana, maimakon ka kwanta tare da shi kamar a kwalta, rage gudu tun kafin ka iso, ka juya kai a hankali, nauyinka a kan matakin waje. Hanyar burji tana da doro a tsakiya tana gangarewa gefe, kuma a kan santsi babur zai riƙa zamewa zuwa kwata a hankali. Ka zauna a kan doron, ko kuma in akwai sawun mota ka shiga cikinsa.

Sawun mota, wato kwarin da tayoyin tifa ko a-kori-kura suka haƙa, yana da amfani da haɗari. Amfaninsa ƙasansa a danne yake, kuma bangonsa yana hana taya zamewa gefe. Ka zaɓi ɗaya tun daga bakinsa, ka shiga a miƙe, ka zauna a ciki har ƙarshe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙoƙarin fita a tsakiya: tayar gaba ta hau bango ta faɗa ɗaya sawun, ta baya ta ƙi bi, babur ya gicciye ya kayar da kai. In dole ne ka canza, tsaya cak, ka nemi inda bangon ya yi ƙasa, ka haye shi a gicciye sosai. Ka kuma auna zurfi. Tsakanin ƙasan injinka da ƙasa santimita 25 ne babu kowa a kai, in ka hau ya ragu. Sawun da ya fi haka zurfi zai kama matakan ƙafa ko ƙasan inji, babur ya zauna a kan cikinsa taya tana juyawa a iska.

Birki a taɓo ana yin sa ne babur yana miƙe, kuma tun kafin wurin da ake tsoro. Na baya shi ne babba a nan, a taka shi a hankali. Na gaba da yatsa ɗaya, matsawa ba fizga ba, kuma kada a taɓa shi kan yana juye. A gangara, giya ta ɗaya ko ta biyu, jiki a baya, a bar tayoyin su ci gaba da juyawa, domin tayar da ta kulle ba ta da alkibla. Idan baya ya fara zagayowa, saki birkin ka ɗan ja kuloci. A hawa kuwa, gudun da za ka hau da shi a ƙasa ake tara shi, ƙara wuta a tsakiyar tudu haƙa rami kawai yake yi. In babur ya ƙi, kada ka ja kuloci, don birkin gaba ba ya riƙe babur mai komawa da baya a kan santsi. Bar inji ya mutu a cikin giya, tayar baya ta riƙe shi. Daga nan ka jingina shi ta ɓangaren tudu, ka riƙa ɗan jan kuloci yana saukowa da baya taƙi-taƙi kan yana juye, har ya gicciye, sannan ka karkato gaban ƙasa ka sauka ka sake shiri.

Kududdufi kuma sai an auna. Ruwan da bai wuce tsakiyar wili ba ba shi da damuwa in ƙasansa da tauri. Wanda ya kai gwiwa ko ya fi, a taka shi da ƙafa tukuna a ji ramuka da duwatsu. Mai gudu da ƙarfi, irin wanda ke tsallake hanya bayan ruwan sama, a jira ya janye, ko da bai yi zurfi ba. Idan babur ya faɗi a ruwa, abu na farko kashe inji, da maɓallin ja, tun kafin ka yi tunanin ɗaga shi. In kana zaton ruwa ya shiga ta eyakilina, kada ka danna sitata ko sau ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa, fistin zai dake shi ya lanƙwasa konrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, aikin ya koma na sauke inji. Sai an cire filtar iska an zubar da ruwan akwatinta, an cire fulogi duka (a Africa Twin guda huɗu ne, kuma sai an ɗaga tanki), an juya inji ruwan ya fito, sannan a mayar. Baƙin mai idan ya koma fari-fari, ruwa ya gauraya da shi, a canza shi da filtarsa, a sake canzawa bayan ɗan gudu har ya fito da kalarsa.

Idan ka kafe, daina ba shi wuta nan take. Kowane juyi na banza ƙara binne tayar yake yi. Sauke kaya, ka kwantar da babur a gefensa da gangan, tayar baya za ta fito daga ramin. Cika ramin da ciyawa, rassa ko duwatsu, ko ka ja bayan babur ɗin gefe zuwa wuri mai ƙarfi, sannan ka ɗaga. Fitar da shi kana tafiya a gefensa da giya ta ɗaya, ƙugunka a jikin kujera, yatsu a kan kuloci. In akwai masu taimako, igiya mai tsawon mita 5 a ɗaura ta a ƙasan shokazoban gaba biyu ko a ƙarfen kariya, su ja daga gaba. Turawa daga baya ba ta da ƙarfi a santsi, ga laka da tsakuwa da taya ke watsa wa mutum a fuska. Wanda ya bar aikinsa ya shiga laka dominka kuwa, a sallame shi da abin kirki.

Ɗaga babur daga faɗuwa: kashe inji, ka tabbatar yana cikin giya, in ta dama ya faɗi ka buɗe jak tukuna don kada ya wuce ɗaya gefen. Ka huta ka numfasa, babur ɗin ba inda za shi. Dabarar da aka fi koyarwa, ta juya baya ka sa ƙugu a kujera ka tura da ƙafafu, a taɓo takan gaza don duga-dugai suna zamewa. Wadda ta fi aiki ita ce ka juya kan babur har ƙarshe yadda hannun da ke ƙasa zai matso gaba ya fito fili, ka tsuguna ka kama ƙarshensa da hannu biyu, baya a miƙe, ka tashi da ƙarfin cinya. Kafin nan ka haƙa wa ƙafafunka wurin takawa ko ka shimfiɗa ciyawa. Idan tayoyin suna sama kujera tana gangare, ja gaban ko bayan a ƙasa ka juya shi har tayoyin su koma ɓangaren gangaren, in ba haka ba kana ɗaga shi ne a kan tudu. Bayan ɗagawa uku ko huɗu ƙarfin mutum yakan ƙare, daga nan kuma kurakurai ke yawaita, shi ya sa ba a shiga doguwar hanyar taɓo da irin wannan babur mutum ɗaya, ko kuma da la'asar sakaliya.

Kana cikin tafiya ka riƙa duban ma'aunin zafi. Laka tana toshe lagireto, ga tafiya a hankali babu iska, wani lokaci ma ta riƙe fanka har fis ya ƙone. In fitilar zafi ta kama, tsaya, ka zuba ruwa daga bayan lagireto zuwa gaba, kada ka soka masa sanda.

Da ka fito kwalta, tsaya ka mayar da iskar tayoyi, ka kunna ABS da HSTC, ka gwada birki sau da yawa a hankali, sannan ka yi kilomitocin farko sannu don lakar da ke haƙoran taya ta zube. A gida a wanke shi ranar, kafin lakar ta bushe. A wurin wankin mota ka hana su kai bakin injin feshi kusa da boris na wili, oyal sil na shokazoba, sarƙa da soket na waya, don ƙarfin ruwan yana tura ƙasa ciki. Sarƙa a wanke ta da kalanzir da buroshi mai laushi, ban da fetur saboda yana lalata zoben robar da ke cikinta, a bar ta ta bushe a sa mai, a kuma auna sakinta da abin da aka rubuta a jikin babur. Buɗe murfin ƙaramin faifan haƙora na gaba ka kwashe lakar da ta taru a ciki. Share sandunan shokazoban gaba tas, don busasshiyar laka a kansu ita ke yanka sil mai ya fara zuba. Duba takalman birki, musamman na baya, laka mai yashi tana iya cinye su cikin tafiya ɗaya. Sai ɗan makunnin da ke jikin jak: idan laka ta cika shi, babur zai riƙa mutuwa da zarar ka sa giya, mutane su yi ta zargin batir ko fulogi alhali wanke wurin da fesa masa ɗan mai ne kawai maganin.